Fata, Roba ko Yadi

Aikina a kwastam ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne a ƙarshen sito, fanka ɗaya, tebur ɗaya, ni ɗaya. Idan kwantena ta zo da jakunkuna, sai a turo mini guda in faɗi rukunin harajin da kayan suka faɗa: fata, roba ko yadi. Bayan jaka kawai doka ta sani. Ko da alharini aka lulluɓe cikinta, ba ruwana. In shinshina, in kankara da farce, in faɗa, a ɗauke. Dillalai na kirana Baba Hanci, su a dole sun iya tsokana. Wata rana har a tashi ba wanda ya leƙo ya ce mini sannu.

Shi ya sa da autata ta ce in raka ta sayen akwati, na yi wuf na sa hula. Ta sami aikin jinya a wata ƙasa. Tun rasuwar mahaifiyarta mu biyu ne a gidan, kuma wallahi ba na son tafiyar nan. Abu ɗaya nake so in ji daga bakinta: za ta riƙa dawowa?

A shagon na kasa tambaya. Sai na hau mai shago da faɗa.

"Wannan kake ce wa fata? Kai, ji tsoron Allah! Roba ce aka yi wa zanen fata."

"Baba, don Allah," in ji auta. "Ba wurin aiki muke ba fa."

Na ɗauko wata 'yar jakar yadi mara nauyi, irin wadda mutum ke ratayawa ya zo hutu. Na yi ta yabonta kamar ni na ɗinka. Ta karɓa, ta jujjuya, ta mayar. Sai ta nuna wani jibgegen akwatin roba mai tayoyi, ta ce a sauko mata da biyu.

"Duk wannan, 'yar nan?"

"Kayana da yawa, Baba."

Ni na ja mata su har gida. Na so in sami aibin da zan kushe su da shi, ban samu ba, haushi ya ƙara kama ni.

Ranar tafiya na leƙa ɗakinta. Har hoton mamanta ta cire daga bango, ƙusa kawai ta bari. Mota na ta hon a waje. Ta durƙusa, na sa mata albarka, har lokacin ban yi mata tambayar ba. Ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo tana laluben jakar hannunta. Na ce a raina to, yanzu za ta faɗa.

Makullin gida ta miƙo mini.

"Riƙe, Baba, kada ya ɓace mini a can."

Na karɓa. Har yau ban san me ya sa na ce mata na gode ba.