Dutsen Ƙanƙarar Malamin Zane

Malamin zane bai taɓa ganin dutsen ƙanƙara ba sai a hoto, amma hakan bai hana shi bugun ƙirji a ofishin malamai ba. Ya ce shi zai koya wa 'yan aji uku sauyin yanayi, su gani da idonsu yadda duwatsun ƙanƙara ke narkewa, ba wai surutun allo ba.

Da sassafe ya ɗauko ƙatuwar ƙanƙara a bayan babur, nannaɗe cikin buhu, tana ɗiga masa a wando. Ya ɗora ta kan teburin ɗakin zane, ya sassaƙe ta da wuƙa da guduma har ta yi tsini, ya yayyafa mata shuɗin fenti. A gindinta ya jera 'yan gidajen yumɓu da yaran suka gina a makon jiya. Ya ja da baya yana kallo. A ransa har ya fara shirya abin da zai faɗa wa 'yan jarida.

Sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Shugaban makaranta kuma ya aiko kiransa kan fentin ƙofar makaranta, shi kuwa shugaba in ya kama magana ba ya sanin hanyar sauka.

Ko da malam ya dawo, yara sun cika ɗakin, dutse ya koma kamar kan jariri.

"Wa ya taɓa min aiki?"

Ya dubi yaran, sai goshi da wuya shuɗi-shuɗi ta ko'ina.

Monitan aji ya sosa ƙeya. "Malam, zafi ne ya yi yawa. Ɗan kaɗan kowa ya ɓalla."

"Ɗan kaɗan! Ku nawa ne?"

Ya tako da niyyar yin faɗan da za a daɗe ana tunawa, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin ruwa. Aji ya ɓarke da dariya.

Cikin dariyar wata yarinya ta fashe da kuka. Gidanta ne a bakin tebur, ya jiƙe ya zama laka.

"Malam, ni ko taɓawa ban yi ba, kuma gidana ne ya fara rushewa!"

Dariya ta mutu. Wani ya ce ai rana ce ta narkar. Wata ta ce ƙarya ce, ta ga hannunsa a kan ƙanƙarar. Musu ya kaure: wa ya jawo, wa zai gyara? Malam na zaune a ƙasa, jawabin da ya haddace ya gudu ya bar shi. Ya riƙa gyaɗa kai kamar dama haka ya tsara.

A ƙarshe masu shuɗin goshi suka kwaɓa sabon yumɓu suka gina wa yarinyar gida, sauran gidajen aka ɗora su kan bulo. Shi kuwa malam ya miƙe a hankali, ya manna jiƙaƙƙen bayan wandonsa da bango, bai matsa daga nan ba sai da aka buga ƙararrawa yaro na ƙarshe ya fita.