Hannun Yaya Verna a Ƙofar Coci

Tun ina budurwa Yaya Verna ce ke tsayuwa a ƙofar cocinmu ranar Lahadi. Ba wanda ya naɗa ta, ita ta naɗa kanta, kuma fastoci sun zo sun tafi ba wanda ya iya ɗaga ta daga wurin. Ba ta san gaisuwar hannu ba, runguma take yi. Manomi mai warin taki, ɗan maye da ya kwana a mota, matar da kuka yi cacar baki jiya a kanti, duk ɗaya ne, sai ta matse mutum har ya ji ƙashinsa ya yi ƙara. Ni ƙanwarta ce, Nadine, ni ke tsaye gefenta ina miƙa takardar waƙoƙi, kuma ni ba na rungumar kowa. Allah bai yi ni da wannan haƙurin ba.

Shekarar da aka harbe masu sujada a wani coci can wata jiha, muka gani a talabijin, hankalin dattawanmu ya tashi. Suka kafa kwamitin tsaro, suka ɗora Hoyt Pruitt a kai, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya rasa wanda zai ba umarni. Hoyt ya zo da dokokinsa. Da an fara waƙar farko a kulle ƙofa. Ba mai shiga da bindiga sai wanda kwamiti ya sani ya kuma amince masa. To a ɗan garinmu na jihar Tennessee a Amurka wa ba a sani ba? Rabin mazan da ke kan benci akwai ƙarfe a ƙugunsu ƙarƙashin kwat. Ni kaina tawa tana cikin jaka, tsakanin alewar minti da hankici, kuma kada kowa ya yi mini wa'azi, ni kaɗai nake kwana a gidana.

Saura baƙi da waɗanda ba a yarda da su ba. Hoyt ya ɗauko wani mai koyar da tsaro daga birni, mutumin ya tsaya Lahadi ɗaya yana kallon Yaya Verna tana aikinta, sai ya washe baki.

"Me za ku yi da na'urar bincike? Tsorata baƙi kawai za ta yi. Ga baiwar Allah nan kuna da ita."

Shi ya koya mata. Hannun hagu a wuya kamar kullum, na dama kuma ya gangara ta baya a hankali, ya zagaya ƙugu ta kan bel, ya ɗan bubbuga kamar ana lallashi. In ta ji ƙarfe a jikin wanda ba a amince masa ba, ba za ta ce komai ba, ta cire tabaronta kawai, su Hoyt sun san sauran.

A mota muna komawa gida na ce mata, "Yaya, yau kuma kin zama karen 'yan sanda?"

"Bakinki ya yi tsawo, Nadine."

"Ai gaskiya ce. Mutum ya zo gidan Allah, ki rungume shi kina lalube shi kamar mai neman kaska a jikin kare."

"Akwai yara a cikin ɗakin nan," in ji ta. "In hannuna zai hana a kwashe gawarsu, to ya laluba."

Na ƙara wa motar wuta. Haka aka ci gaba. Ta ƙware har ba mai ganewa, mutane suna fita daga hannunta suna murmushi, ni kuwa ina gefe ina kallon wannan hannun yana sauka yana zagayawa, raina yana ɓaci.

Yaya Verna ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Dustin. Ya shiga soja ya tafi yaƙi, kuma aikinsa a can shi ne tsayuwa a shingen hanya yana binciken mutane daga safe har yamma. Ya dawo da ƙafafunsa biyu, amma ba yaron da muka raka tasha ba ne ya dawo. Ƙwaya, giya, rashin barci. Aurensa da Kayla ya mutu, ta tafi da 'yarsu Maddie, ta auri Brent mai sayar da kayan tarakta. Wata Lahadi bayan sujada, a filin ajiye motoci na coci, Dustin ya ɗauki ƙarfen taya ya farfasa gilashin motar Brent, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Daga nan ya bar gari, aka ce yana aikin rijiyar mai a Texas. Shekaru suka shuɗe, ko waya. Yaya Verna ba ta kuka a gaban mutane, amma duk Kirsimeti sai ta gasa kek ɗin da yake so, ya bushe a kan tebur, ni ke zubarwa.

Sai ga shi bana Maddie ta ce za ta yi baftisma. Ban san wa ya gaya wa Dustin ba. Ya kira uwarsa ya ce ya daina komai, ya daɗe rabonsa da kwalba, yana so ya zo ya ga an tsoma 'yarsa a ruwa. Ya ce a bencin baya zai zauna, ba zai dami kowa ba. Yaya ta zo gidana da gudu, silifa daban-daban a ƙafarta, tana dariya tana hawaye. Ta gyara ɗakinsa, ta sayi kaji kamar za a ciyar da gari. Murna ta sa ta faɗa wa kowa, maganar ta kai kunnen kwamiti.

Ranar Laraba bayan addu'a suka kira ta ɗakin cin abinci na coci. Ba su kira ni ba, na bi ta. Hoyt yana zaune ya ɗora hannu a tumbinsa, Brent a gefensa, don shi ma ɗan kwamiti ne, Fasto Lyle kuma yana can ƙarshen tebur yana juya kofin kofi.

"Verna, ba wanda ya hana yaron nan zuwa," in ji Hoyt. "Amma sai an duba shi."

Na ce, "A duba shi? Kai wa ya duba ka? Bindigar da ke ƙugunka ta fi ta kowa girma, kuma bara a wurin gwajin harbi bangon rumbun Dewey manomi ka harba."

"Nadine, ba da ke ake ba."

"Da ni ake. Ni na yi masa wanka yana jariri."

Brent ya buɗe baki a hankali, ba tare da ya dube ni ba. "Anti Nadine, ni ne ya ce zai kashe. Matata da yarinyar za su zauna a gaba, sun ba ƙofa baya. In ke ce ni, me za ki yi?"

Abin haushin ke nan, ba ƙarya ya yi ba. Na juya wajen Fasto ko zai ce wani abu, sai ya ce mu duka 'ya'yan Allah ne, amma doka in an yi ta ba a tsallake mutum ɗaya. Wannan bawan Allah, ko gobara ake yi sai ya ce wuta da ruwa duk suna da gaskiya.

Hoyt ya ce hanya biyu ce. Ko shi da Brent su tare shi a filin motoci su bincike shi gaban jama'a, ko kuma a bar wa Verna a ƙofa, yadda ba zai ma sani ba.

"Ni zan yi," in ji ta.

A waje na riƙe mata hannu. "Yaya, ki kira shi ki gaya masa tun yanzu."

"In na gaya masa ba zai zo ba."

"To ki rungume shi kawai, ki ce ba ki ji komai ba. Wa zai sani?"

Ta zaro makullin motarta. Sannan ta ce, "In kuma yana ɗauke da bindiga fa, Nadine? Ni na haife shi, amma ban san wanda zai sauko daga motar nan ba." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin ni ma ban sani ba.

Lahadi ta zo da rana mai kyau. An jera tebura ƙarƙashin itatuwa, soyayyen kaza da burodin masara da shayi mai ƙanƙara suna jiran a tashi. Mutane sun kusa gama shiga sai wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya can nesa, bakin maƙabarta. Dustin ya fito. Ya rame, ya yi aski, kwat ɗin jikinsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Yana tahowa yana goge tafin hannunsa a wando.

Yaya Verna ba ta jira ya hau matakala ba. Ta sauka ta faɗa jikinsa, hannu biyu a wuyansa, tana cewa, "Ɗana, ɗana, ka ga yadda ka rame." Shi kuma ya sunkuyar da kai a kafaɗarta, bayansa yana girgiza. Na tsaya da takardu a hannu ina roƙo a zuciyata, ya Ubangiji ka sa ta manta, ka bar hannun nan a inda yake.

Sai Hoyt ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

Na ga hannunta na dama ya saki wuyansa. Ya gangara ta baya a hankali, ya kai bel, ya zagaya, ya ɗan bubbuga. Da wani ne da bai ji komai ba. Amma wannan mutum ne da ya yi shekaru yana yi wa wasu haka.

Kukansa ya tsaya cak. Ya ɗago, ya ja da baya, ya dubi uwarsa. Sannan ya ware ƙafafu ya ɗaga hannuwa gefe da gefe.

"Ki ƙarasa, Mama. Kin bar hammata da idon sawu. Can ake ɓoyewa."

"Dustin, don Allah..."

"A'a, in za a yi aiki a yi shi da kyau."

Ya kama gefen kwat ɗinsa zai buɗe. Kafin ƙiftawar ido hannun Brent ya shige ƙarƙashin tasa kwat, haka na Hoyt, haka na wani dattijo da ya koya wa Dustin karatun Lahadi yana yaro. Ba wanda ya zaro, amma kowa ya gani. Dustin ya buɗe kwat ɗin a hankali, ya juya, ya ɗage ƙafar wando ɗaya, ya ɗage ɗayar. Ba komai sai safa mai huji.

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya sauka kan jakata da na ƙanƙame a ƙirji ban ma san na yi ba.

"Anti, har da ke?"

Na sauke jakar daga ƙirjina.

"Tun da na dawo daga can ban taɓa fita ko bakin titi ba tare da bindiga ba," in ji shi. "Jiya na bar ta wurin wani abokina, na ce gidan Allah zan je, wurin 'yata. Na tuƙo tun daga Texas ina jin kamar tsirara nake." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ashe ni kaɗai ne tsirara."

"Shi ke nan, yaro, an gama," in ji Hoyt. "Kana iya shiga."

A ciki mai molo ta fara waƙar farko. Dustin ya leƙa ta ƙofa, ya ga bayan kawunan mutane, ban san ko ya hango Maddie cikin farar rigarta ba. Ya gyara kwat ɗinsa, ya juya ya nufi motarsa. Yaya Verna ta tsaya a kan matakala, ta kasa gaba ta kasa baya, tana kallon hannunta.

Ni na bi shi, da takalmina mai tsini, ina kiran sunansa ina zagin Hoyt. Na same shi ya riga ya tada mota. Na ce ya yi wa Allah ya dawo, uwarsa ta yi ne don kada su wulaƙanta shi a fili.

"Na sani, Anti," in ji shi. "Da su ne suka yi da na shiga. Ki ce wa Maddie motata ce ta lalace a hanya."

Ya ja motar ya tafi. Tun ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Na dawo na tarar Yaya ta shiga, an kulle ƙofa, tunda doka ce. Na yi ta duka har wani ɗan kwamiti ya leƙo, ya ƙare mini kallo kamar bai taɓa cin waken da nake dafa wa coci ba, sannan ya buɗe. Na shiga daidai lokacin da Fasto ya ɗago Maddie daga ruwa, jama'a suna cewa amin. Yarinyar tana share ido tana leƙen bencin baya.

Aka naɗe ta da tawul aka fito da ita ta ƙofar gefe. Yaya Verna ce ta fara isa wurinta. Ta durƙusa ta rungume ta, jiƙe-jiƙe, tana kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Ina tsaye a bayansu. Ina kallo hannun daman nan ya saki wuyan yarinyar, ya gangara ta bayan tawul, ya zagaya ɗan ƙugunta, ya bubbuga.

Maddie ta ɗago ta dube ta.

"Kaka, me kike nema?"