Gogen Idirisu a Cikin Garwa

Tun ranar da Bature mai tabarau ya gyaɗa masa kai a barikin Dutse, Uwaisu mai goge ya daina tafiya irin ta mutane. Kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa, gaisuwa ma sai ya ga dama. Abin da ya faru kuwa bai kai ya kawo ba. Baturen ya zo rangadi, aka tara masa makaɗa don a ɗebe masa kewa, Uwaisu ya goga masa take biyu, mutumin ya gyaɗa kai ya ce wani abu ta hanci. Tafinta ya ce wai ya ji daɗi, kuma nan da kwana takwas a kai masa gogen nan Kiyawa, akwai wani Bature baƙo da yake so ya ji. Shi ke nan fa, garin ya yi wa Uwaisu kaɗan.

Gwadabe baduku yana rumfarsa a bakin kasuwa yana kallon wannan iyayi, yana tsaki. Shi ya san wanda Bature ya gyaɗa wa kai, kuma ba Uwaisu ba ne. Gogen ne. Na marigayi Idirisu ne, uban Uwaisu, aminin Gwadabe tun suna yara suna satar ɗanyen dabino a gindin duwatsu. Idirisu da ƙafarsa ya je har Miga ya zaɓo ƙoƙon a gonar wani tsoho, ya ƙwanƙwasa duma ya fi arba'in kafin ya ji wanda ya amsa masa. Shekara talatin ƙoƙon nan yana shan gumi da man hannu har ya yi baƙi yana sheƙi. Fatar da ke kansa kuwa, duk wadda aka taɓa ɗaura masa, Gwadabe ne ya ɗaura. Idirisu bai bar gona ba, bai bar doki ba. Muryar nan kawai ya bari. In Uwaisu yana gogawa a gidan biki, Gwadabe yakan ajiye basilla ya juya baya don kada a ga fuskarsa, domin da idonsa a rufe aminin nasa yake ji. Hannun ɗan kam bai kai rabin na uban ba, gogen ne yake rufa masa asiri.

Washegari sai ga Uwaisu a rumfar, ya durƙusa rabi-rabi kamar mai ciwon gwiwa.

"Baba, gida nake so a yi wa gogen nan. Tsohuwar jakar ta mutu. Kuma mara nauyi, don tafiya ta kama ni yanzu."

Tafiya ta kama shi! Kiyawar da mata ke zuwa da tallan daddawa su dawo. Gwadabe ya haɗiye maganar, ya karɓi gogen ya auna da taƙi, ya ce a ba shi kwana uku.

Ya kuwa yi aiki, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ya samo ƙwarya mai faɗi wadda ta fi ƙoƙon da yatsa biyu, ya kankare ta har ta yi sirara, ya shimfiɗa mata audugar rimi. Wuyan gogen ya yi masa kwanciya da ɓargon gwangwala, wanda ko yaro ya ɗaga da ɗan yatsa. Ya lulluɓe duka da jar fatar akuya, ya bar ƙananan huji a gefe don iska ta riƙa shiga tana fita, ya yi wa baka aljihunsa daban, ya ɗinka maratayi yadda gogen zai kwanta a ƙarƙashin hammata, cikin inuwar riga. Da ya gama ya rataya shi a kafaɗarsa ya zaga rumfa, bai ji yana ɗauke da komai ba.

Uwaisu ya zo, ya ɗaga, ya juya, ya taɓe baki.

"Baba, ai wannan burgamin maroƙa ne. Da wannan zan shiga gaban Turawa? Ba ku ga kayansu ba? Komai nasu a adaka yake, da murfi, da kwaɗo."

A rumfar akwai mutane huɗu, duk sun ji. Wani ma ya yi dariya. Gwadabe ya ji abin har cikin haƙoransa. Shekara arba'in yana ɗinka sirdi da kube, yau yaron da aka yi wa kaciya a gabansa ya kira aikinsa burgami.

"To, ranka ya daɗe," in ji shi, da murya mai sanyi. "Mu ai ba mu ga Turawa ba. Je ka wurin waɗanda suka gani."

Wanda ya gani shi ne Jaji, maƙerin fari, da ya yi wata biyu a Kano ya ga jirgin ƙasa da idonsa, tun daga nan ba a sake jin wani zance a bakinsa ba. Jaji ya samo garwar kananzir biyu a wurin kukun bariki, ya farke su, ya buge, ya liƙe da dalma. Ya fitar da doguwar adaka mai murfi, ya maƙala mata kwaɗo. Gaskiya ba nauyi, wannan ba a hana shi. Ya goge ta da toka har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Uwaisu ya ɗora ta a ka ya ratsa kasuwa sau biyu ba abin da zai saya, sannan ya tsaya a rumfar Gwadabe ya sauke.

"Ku duba, Baba. Ko ƙura ba ta shiga. Ko iska."

Gwadabe ya duba. Tsumma ɗaya ne a ciki, sai gogen kwance a kan kwano tsirara. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Tsakiyar bazara ce, ranar da ko ƙadangare ke neman inuwa. Duk mai goge ya san in fata ta saki da sanyin safiya a rana ake shanya ta ta ɗaure, kuma ya san ba a barin ta ta daɗe. Uwaisu ma ya sani. Abin da bai sani ba shi ne halin kwano, don duk Dutse ba wanda ya taɓa ɗaukar kwano a ka yini guda. Gwadabe kuwa ya taɓa ƙona tafin hannu a kan garwar da aka bari a rana a ƙofar bariki, bai manta ba.

"Ta yi kyau," ya ce. "Tana walƙiya."

Da yamma ya ba matarsa Rakiya labari yana dariya. Ita ba ta yi dariyar ba.

"Malam, in ka san abin zai lalace ai sai ka faɗa masa."

"In faɗa wa wa? Mutumin da Bature ya gyaɗa wa kai? Ni mai burgami?"

"Gogen Idi ne fa."

"Fata ce za ta yage, ke. Fata kuma ni ke ɗaurawa. Bari ya buɗe a gaban Turawan nasa ya ga ta yi baki, sannan ya zo ya durƙusa min da gwiwa biyu."

Rakiya ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗe.

Gwadabe yana da linzami da takalma da zai kai wa wani a Kiyawa, ba gaggawa a ciki, amma ya zaɓi ranar tafiyar Uwaisu. Ya naɗe sabuwar fatar damo ya cusa a ƙasan jakarsa. Har ya tsara yadda zai fito da ita a hankali, bayan an roƙe shi sau uku.

Aka kama hanya da hantsi, don Uwaisu ya tsaya naɗa rawanin aro. Shi ne a gaba, adaka a ka, ba gammo ma don kada ya ɓata rawani, sai hannu ɗaya ya tallafe. Fatake da masu jakuna suna kaucewa suna kare ido, suna tambaya ko kayan Bature ne. Uwaisu ya ce kusan haka. Gwadabe na baya da taku ashirin yana jin daɗin kowace kalma. Wawa, ya ce a ransa. Wawan da aka ba zinariya ya zuba a tukunyar suya.

Duwatsun Dutse suka ɓace a baya. Gonaki fayau, ba ganye, sai kututturen dawa da ƙasa mai tururi. Kafin rana ta take tsaka Uwaisu ya fara canza hannu, yana hura yatsunsa. Daga baya ya naɗe hannun da bakin riga. Da suka wuce wata tsamiya mai inuwa, Gwadabe ya ji bakinsa ya buɗe da kansa zai ce a tsaya a buɗe murfin ya sha iska. Sai Uwaisu ya waiwayo.

"Baba, ku ɗaga ƙafa mana. Turawa ba sa jira."

Gwadabe ya rufe bakinsa.

Ba su yi nisa da tsamiyar ba aka ji ƙara daga cikin adakar. Ƙas! Sau ɗaya. Uwaisu ya yi dariya ya ce haka kwano yake yi in ya ji rana, Jaji ya gaya masa. Gwadabe ya tsaya cik a tsakiyar hanya. Ya san ƙarar yagewar fata, ya ji ta ba adadi, ɓarat take yi. Wannan ba ita ba ce. Ya tuna fatar da ya ɗaura wa gogen bara, ta bayan wani ƙaton damo, mai kauri, ya ja ta da dukan ƙarfinsa, ya kafe ta da ƙaya sittin yana alfahari cewa wannan sai ta binne shi. Sauran tafiyar bai san yadda ya yi ta ba.

A barikin Kiyawa Turawan biyu suna zaune a kujerun zane ƙarƙashin rumfar ciyawa, jajaye kamar an yanke su. Mutane sun taru nesa kaɗan. Uwaisu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ciro ɗan mabuɗi daga wuyansa yadda kowa zai gani, ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga murfi da bakin riga. Warin kananzir da na narkakken ƙaron da ake shafa wa tsagiya ya bugi na kusa.

Fatar tana nan lafiya lau, a ɗaure tamau, ko ƙwarzane babu. Ƙoƙon ne ya kasa. Ta ja shi har ta tsaga shi daga baki zuwa gindi, ya rabu uku, gefe ɗaya ya lanƙwasa ciki. Tsagiyar ta zube a kai, ƙaro ya manne ta da tsumman.

Bature mai tabarau ya leƙa, ya ɗaga kafaɗa, ya ciro agogo ya duba. Baƙon nasa kuwa ya taso ya tsuguna, ya ture gogen gefe da yatsa, ya ƙwanƙwasa adakar, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana dariya. Tafinta ya ce wai Bature ya yaba da aikin, garwa ce aka mayar haka? Yana so a bar masa, za ta yi masa daidai da naɗaɗɗun takardunsa na taswira. Kiɗa kuma a nemo mai kalangu ko wani, duk ɗaya ne.

Duk ɗaya ne. Aka zazzage gogen a ƙasa, masinja ya shige da adaka ciki.

Gwadabe ya sami Uwaisu a bayan bariki, gindin wata kuka, rawanin ya warware, ya tara ɓallin ƙoƙon a cinyarsa yana haɗa bakinsu suna rabuwa. Ba kuka yake ba. Da kuka yake da ya fi sauƙi. Gwadabe ya tsuguna ya ɗauki ɓalli ɗaya. Ga gurbin da babban yatsan Idirisu ya cinye a gefe, santsi kamar an shafa mai. Gyartai zai iya ɗinke shi, a ci gaba da auna gero da shi. Ƙoƙon da aka ɗinke ba ya sake magana.

"Baba," in ji Uwaisu, bai ɗago ba. "Da abin ya yi ƙara a hanya na waiwaya, na ga kun tsaya. Kun san ko mene ne."

"Na ɗauka fata ce za ta tafi."

"Kun ɗauka. Tun yaushe?"

Gwadabe ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Tun ranar da ka kawo min adakar rumfa."

Uwaisu ya daɗe yana kallonsa. Duk iyayin nan ya zube daga fuskarsa, abin da ya rage kuwa idon ubansa ne sak.

"Kwana uku ke nan," ya ce. "Kuka ce ta yi kyau." Ya tattara ɓallin ya zuba su a hannun Gwadabe, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ni dai wawa ne, Baba, kowa ya gani yau. Ban sani ba. Ku da kuka sani fa?"

Ya kama hanyar Dutse shi kaɗai. Gwadabe ya zauna a gindin kukar da ƙoƙon a hannu biyu, har yanzu da ɗumin rana a jikinsa, ya nemi wanda zai yi wa tsaki ya rasa.