Bugu Biyu na Kawu Dattu

Akwatin ya faɗo daga bene na biyu, ya bugi matakala, ya fashe a tsakar gida. Linzamin fata ya yi waje, da ragama, da wutsiyar gashin doki, da baƙaƙen takalma masu siffar kofato.

"A kwashe a ƙona!" in ji Ameya daga sama. Shekaranjiya ya sauka daga Dubai, bayan shekara shida bai tako birnin Pune ba, don ganin mahaifinsa, Kawu Dattu, da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu.

Ketaki, ɗalibar aikin jinya da ƙofarsu ke kallon ta Kawu Dattu, ta ɗaga kai ta ga kawuna jere a baranda. Kowa ya yi fuskar mamaki. Wannan fuskar ce ta ƙona mata rai, don babu wanda bai sani ba. Shekara goma sha biyar ke nan, kowace Lahadi Kawu Dattu da Anti Urmila, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, suna tafiya wata gona a bayan gari. Can, cikin manya irinsu masu wannan sha'awa, yakan sa linzami ya zama dokinta, ya ja ta a ƙaramin keke. Da yamma ya dawo yana fito, ya raba wa maƙwabta gwaiba. Sun ci gwaibar. Shi ya cike musu takardun fansho. Sai ya ba da baya su taɓa juna.

Yanzu Ameya ya hana Anti Urmila hawa benen. Kwana biyu tana zaune a bencin Bhiku, mai shayi na bakin ƙofa.

"Kawu Karandikar," Ketaki ta ce da shugaban kwamitin gidan, "ba za ka ce komai ba?"

"'Yata, maganar cikin gida ce. Mu namu ido."

"Idon dai kuna da shi, har da na aro. Bakin ne sai an zo cin gwaiba."

"Ke, ki iya bakinki! Boko ba hauka ba ne."

Ba ta tsaya ba. Ta fita ta kamo hannun tsohuwar. "Tashi, Anti. Likita ya ce kwanakinsa ba su da yawa. In za a kore ki, a haɗa da ni."

Da suka hau benen, Ameya ya tare ƙofa da kafaɗa. Bayansa ana hango Kawu Dattu kwance kusa da taga, rabin fuskarsa a zube, idanunsa a buɗe.

"Ba ki da kunya? Kin mai da ubana dabba, kin sa masa ƙarfe a baki, yanzu kin zo ki ga ƙarshen aikinki? Gobe zan mai da shi asibiti, inda irinki ba sa shiga."

"Ka tambaye shi?" in ji Anti Urmila.

"In tambayi wa? Mutumin da ba ya magana?"

"Ɗana, mutum da linzami a baki ma ba ya magana. Shi ya sa muke da doka, kuma a cikinmu ba a taɓa kowa sai an kafa ta. Bugu ɗaya, e. Bugu biyu, a'a. Uku, a tsaya cak, a kwance komai. Shekara goma sha biyar ban taɓa ɗaura masa ko igiya ɗaya ba sai na tambaya. Kai kwana biyu kana juya shi kamar buhun shinkafa."

"Yaya Ameya," Ketaki ta ce, "hannunsa na hagu yana aiki. Ni nake masa wanka, na sani. In ƙarya take, ai ka huta. Me kake tsoro?"

Maƙwabta sun cika matakala. Ameya ya dube su, ya ja tsaki, ya koma ciki ya durƙusa gaban gadon. Ya ɗora hannun mahaifinsa a kan ƙarfen gado.

"Baba, ka gane ni?"

Yatsun suka ɗaga da ƙyar. Zoben azurfarsa ya bugi ƙarfe sau ɗaya.

"Jijiya ce kawai take motsi," in ji Karandikar daga bakin ƙofa.

"To ka matso ka tambaye shi ko yana ƙaunarka," Ketaki ta ce. "Sai mu ga jijiya."

Ameya bai juyo ba. "Baba, in mai da kai asibiti?"

Biyu.

Ameya ya sunkuya, ya yi ƙasa da murya, amma ɗakin ya yi shiru har kowa ya ji. "Matar nan... ita ta tilasta maka? Faɗa mini gaskiya, Baba, yau ɗin nan zan kai ta gaban hukuma."

Biyu. Da ƙarfi, har gadon ya amsa.

"In kore ta?"

Biyu. Ya huta, yana haki. Ya sake buga biyu.

Ameya ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe bai dubi kowa ba. Ya ratsa mutane ya fita baranda, ya bar ƙofar a buɗe. Bai ce ta shiga ba, bai kuma ce kada ta shiga ba. Anti Urmila ta tuɓe takalmanta, ta wuce ta zauna a bakin gado.

"Tsohon banza," ta ce, tana gyara masa matashi. "Kwana biyu ka bar ni ina shan shayin Bhiku. Ruwan wanki ya fi shi."

Gefen bakinsa mai rai ya motsa.

Ba ta sake sauka ba. Ita ta riƙa ɗiga masa ruwa da cokali, Ameya na riƙe da kan mahaifinsa. Ranar Alhamis da hantsi, ana tallar kayan miya a titi, numfashinsa ya tsaya.

Kafin azahar gidan ya cika. Waɗanda ba su taɓa hawa benen da ko kwanon miya ba suka zo da furanni. Ketaki tana tsaye a ƙofa ta ji Karandikar yana faɗa da babbar murya, "Mutumin kirki, ba ruwansa da kowa. Mun yi rashi." Matarsa ta raɗa wa ta kusa da ita, "Har yanzu tana ciki? A gaban gawa?"

Ketaki ta sunkuyar da kai. Takalman masu ta'aziyya sun cika bakin ƙofa, sun fi ƙafa talatin. Silifas ɗin Anti Urmila, wanda ya kwana uku a wurin, wani ya ture shi da ƙafa, ɗaya ya kife, ɗaya ya gangara matakala.

Ta sauka ta ɗauko, ta share ƙurar da gefen mayafinta, ta jera su a kan dokin ƙofa.