Muryar Baba Ashafa

Bas ɗin jami'a ta kasa shiga lungun, saboda wata tirela da ta tokare hanya a ƙofar kamfanin roba, don haka aka sauke su a bakin titin Sharaɗa. Su goma sha huɗu ne, 'yan ƙungiyar ɗalibai masu lalurar gani, kowa da farar sandarsa, hannunsa a kafaɗar na gabansa. Rumaisa ce a gaba, domin unguwarsu ce, ƙafarta ta san kowace kwata.

"A tsallaka, akwai ruwa," in ji ta. Maganar ta bi layi har can baya, ana ta dariya.

Wurin maƙwabcinta Baba Ashafa za su. Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da sito a wata masaƙa kafin a rufe ta, ya dawo gida da Turanci mai kyau da tari a ƙirji. Ranar da Rumaisa ta dawo daga makaranta tana kuka, an ba su takardun laccar shari'a ba mai karanta mata, shi ya jiyo ta ta kan katanga ya ce ta kawo. Tun daga nan kullum bayan la'asar sai ya zauna a soro ya karanta, ita kuma tana naɗa a waya. Ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura zauren ƙungiya. Cikin shekara uku babu makahon ɗalibin da bai san muryarsa ba, amma ban da Rumaisa ba wanda ya taɓa haɗuwa da shi.

Matarsa, Goggo Indo, ta tare su a soro tana tafa hannu. "Duk waɗannan 'ya'yan nasa ne? Ku shigo, ku shigo, tun safe ya sa na goge masa babbar riga."

Yana zaune a tsakar gida an jingina shi da filo biyu. Da ya amsa sallama sai wurin ya kaure.

"Wallahi shi ne," wata ta ce daga baya. "Muryar ce sak."

Suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya suna laluben hannunsa. Rumaisa ta ji yadda hannun ya rame a sati biyun da ya yi a kwance. Abdulbaƙi, shugaban ƙungiyar, ya gyara murya.

"Baba, albishir muka kawo muku. An ba mu ɗaki a laburare. Kwamfuta shida masu magana, da na'urar da ake ɗora littafi ta karanta. Shekara huɗu muna bin ofis-ofis, jiya aka miƙa mana mukulli."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Ya ɗan yi tari. "To, an sake sallamata daga aiki ke nan. Karo na biyu."

Da wasa ya faɗa, amma Rumaisa ta san muryarsa fiye da kowa, ta ji inda ta karye.

"Wa ya sallame ku?" ta ce. "Ita kwamfutar da hanci take magana. In ta zo kan sunan Bahaushe sai ta tauna shi. Kuma ba ta tsayawa ta ce wannan alƙalin bai kyauta ba."

Aka tuntsire da dariya, har da Goggo.

"Karatunku ɗari huɗu da sha ɗaya duk mun zuba su a kwamfutocin," Abdulbaƙi ya ci gaba. "Duk wanda ya kunna, abin da za ta fara faɗa shi ne Taskar Malam Ashafa."

Tsohon ya gyara zama a jikin filo. Can sai ya ce, "Indo, miƙo min littafin dokar filaye. Babi uku ya rage, jarrabawar yarinyar nan saura sati biyu."

"Likita ya ce ka rage magana."

"Likita bai ga baƙina ba."

Rumaisa ta ji ƙarar buɗe tabarau, ta ji takarda ta motsa. Kafin ya buɗe baki, su goma sha huɗu suka haɗa baki da kalmar da yake fara kowane karatu da ita: "To, a gyara zama."

Ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Sannan ya karanta, a hankali, yana hutawa a ƙarshen kowane layi, wayoyi a miƙe kewaye da shi. Shafi bakwai ya yi ranar. Da za su tafi ya sa kowa ya faɗa masa sunansa da garinsu, yana maimaitawa.

Washegari ya aika Goggo ta kira Rumaisa, ya ƙara mata shafi huɗu. Rana ta uku kuma shafi biyu, ya ce gobe za su rufe babin.

Washegari, ranar Alhamis, bayan azahar tana shanya kaya, ta jiyo salatin Goggo ta kan katanga. Ta tsaya da jiƙaƙƙen mayafi a hannu har ruwan ya gangaro mata zuwa gwiwar hannu. Kafin la'asar an kai shi. Mazan ƙungiyar sun samu sallar, sun jera a sahu na biyu, sandunansu a naɗe a gaban ƙafafunsu, tsofaffin ma'aikatan masaƙa na tambayar juna ko su wane ne.

Bayan addu'ar uku, da mata suka ragu, Goggo ta kamo hannun Rumaisa ta ɗora mata littafin a cinya.

"Ya ce in ba ki. Ni ban san inda kuka tsaya ba."

Rumaisa ta shafa gefen littafin. Wajen ƙarshe yatsanta ya taɓa wani siririn abu da ya leƙo daga tsakanin shafuka. Tsinken tsintsiya ne, an karya shi daidai tsawon takardar. Ta bar shi a inda yake, ta riƙe littafin a rufe.