Ƙofar Ɗakin Gyara

Ƙanin matata ne ya kawo maganar. Ya je maɗaba'ar da 'yata take aiki don a buga masa katin shago, ya nemi su gaisa, aka ce tana ɗakin gyara, ba a shiga.

"Ita da wa?" na tambaye shi.

"Ita da wani dogo, Jan Biro suke ce masa. Kullum da rana sai su rufo ƙofa. Ni dai na faɗa maka, Yaya."

Yarinyar ta sha wuya kafin ta sami aikin nan, kuma tana son sa. Amma idan haka abin yake, gara ta dawo gida. Uwarta ta ce in tambaye ta kawai. Na ce mai abin ɓoyewa ba tambaya ke fito da shi ba.

Washegari na rufe shagona na tafi. A maɗaba'ar inji biyu na ruri, warin tawada ya cika wurin. Ban tsaya wajen Manaja ba, na wuce can ƙurya na kara kunne a ƙofar. Muryarta ce, tana karanta Turanci a hankali, jefi-jefi a ƙwanƙwasa tebur. Can sai na ji dariya, tata da ta namiji. Na tura ƙofar.

Tebur ne a tsakaninsu. Ita da takardu a gabanta, shi da nasa da jan biro.

"Baba, lafiya?"

"Shi na zo ji. Wane aiki ne sai an rufe ƙofa?"

Dogon ya miƙe ya gaishe ni har da rusunawa. Rusunawar ma ban yarda da ita ba.

"Rahoton wata ƙungiya muke dubawa, Baba," in ji shi. "Ita tana karanta na asali, ni ina bin wanda aka buga. Kunne ba ya jin babban baƙi, shi ya sa duk inda ta zo kansa sai ta bugi tebur."

"Kuma sai an yi ta bugu haka?"

"Turanci ne, Baba," in ji 'yata. "Muƙami idan ya zo gaban sunan mutum, babban baƙi ne. Idan shi kaɗai ne a tsakiyar magana, ƙarami. Cikakken sunan ƙungiya manya, amma idan an ce kwamitin kawai, ƙarami."

"Dariyar fa? Ita babba ce ko ƙarama?"

Ta sunkuyar da kai. Dogon ya ce shugaban ƙungiyar ne ya aiko cewa duk inda muƙaminsa ya fito a sa masa babba, na mataimakinsa kuwa a bar shi ƙarami. Ni ban ga abin dariya ba.

Manaja ya iso yana goge hannu. Na ce a bar ƙofar a buɗe, shi ke nan. Ya wangale ta, ya ce 'yata ta karanta. Ta karanta, ta bugi tebur. Ina tsaye kusa da ita, amma injin ya cinye komai.

"Ka gani, Malam? Ko a rufe ƙofa, ko in nemi wani mai karatun. Zaɓi naka ne."

'Yata ba ta roƙe ni ba. Takardun kawai ta riƙe gam. Na dubi dogon, ya kawar da ido. Na dubi ƙofar. Katako ne mara kauri, kuma aikina ke nan, kafinta ne ni.

"Idan aka sa gilashi a tsakiya fa? Ƙara ba za ta shiga ba."

Manaja ya ɗaga kafaɗa. "In za ka yi, bismilla."

Da yamma na dawo da zarto. Na yanke taga mai faɗi, na kafa gilashin, na fita har bakin titi na tabbatar ana hango teburin daga can. Tana tsaye tana kallona har na gama share garin katako.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce.

Ta shiga ta rufe ƙofar, ta ɗauki kujerarta ta juya wa gilashin baya, ta ci gaba da karatu.