Motar da Nehemiya ya ɗaga

Sau biyu Nehemiya yana kama hanyar ƙauyensu, can bayan Sukukutane, sau biyu cikin motarsa yana zama daram a kan tudun rairayin da manyan motoci suka bari tsakanin sawunsu. Damina ce, hanya ta zama abin da ta zama. Ƙanwarsa Pascaline kuwa ba ta bar wayarsa ta huta ba.

"Yaya, kwana ukku ke nan da Inna ta hwaɗi. Maɗori ya ce ƙugun ya hi ƙarhinshi, sai likita. Kana ina?"

Yana Dogon Dutsi, kwance a ƙarƙashin tsohuwar motarsa kat-kat mai buɗaɗɗen baya, a garejin Mu'awiya mai walda. Dabara ɗaya ta rage masa: a kwance sifirin ɗin baya daga ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa ƙafafun, a ɗora shi a bisa, don bayan motar ya tashi. Tun hantsi suke fama da kusoshin da tsatsa ta cinye. Da azahar mota ta miƙe, ta ɗaga ƙugu sama kamar raƙumi zai tashi.

Sai ga matsala. Ƙarafan nan biyu masu shanye girgiza sun yi gajarta, ko an ja su ba sa kaiwa.

"Ka dakata gobe a samo dogaye," in ji Mu'awiya.

"Gobe? Cire su!"

"In ka cire su, tsalle za ta yi kamar ɗan akuya."

"Ta yi ta tsallen, in dai ta kai ni."

Ta kuwa kai shi. Ta haye rairayin ko gezau, har Nehemiya ya yi dariya shi kaɗai, yana dukan sitiyari. Mai gaggawa ba ya tunanin dawowa, shi ma bai yi ba.

Mutum huɗu suka ɗaga Inna a kan katifa, da ƙyar suka kai ta bayan motar saboda tsayin da motar ta yi. Pascaline ta zauna ta rungume kan Inna.

Suka juyo za su wajen likita. A ramin farko bayan motar ya yi sama ya dawo, ya sake yin sama. Ihun da tsohuwar ta yi, Nehemiya bai taɓa jin irinsa daga bakinta ba, ko ranar da aka binne mahaifinsu. Ya rage gudu, rairayi ya fara riƙe ƙafafun. Ya ƙara, ta sake yin ihu.

"Ɗana, don Allah ka tsaya. Ka aje ni nan ƙasa."

"Inna, saura kaɗan."

Ƙarya yake yi, ko rabin hanya ba su yi ba. Tsoro ya cika shi, da haushin kansa. Ya riƙe sitiyari yana kaucewa kowane rami, hawaye na hana shi ganin hanya.

Can wajen wata fadama ihun ya tsaya. Ya kira Pascaline, ba ta amsa ba. Ya ci gaba da tuƙi, ya kasa waiwayawa.